Waya, kwamfuta ko katako: da wanne za ka fara koyon yadda cikin bindiga ke motsi?

A cikin libarba irin ta da, daga lokacin da babban yatsa ya fara jan guduma (ƙarfen da ke bugun harsashi) baya zuwa lokacin da ta tsaya, abu huɗu ne ke faruwa, kuma kowanne da lokacinsa. Birkin da ke riƙe da gangar harsasai yana sauka ya sake ta. Wani ɗan hannu ya taso ya tura haƙorin da ke bayan gangar, ta fara juyawa. Kafin ta gama juyawa an riga an saki birkin, yana goga jikinta har ya faɗa gurbi na gaba. Daga ƙarshe kunama ta kama guduma ta riƙe. Duk wannan bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma in ɗaya ya riga ɗan'uwansa da ƙiris, ko ganga ta cije, ko ta wuce wurin tsayawarta.

Wannan jeranto shi ke jan hankalin mai sha'awar zanen na'ura, ko mai ƙera kayan wasa, ko mai shirya wasannin kwamfuta, ko ɗalibin fasaha. Ilimi ɗaya ne da na agogo da kwaɗo da keken ɗinki: gangara, haƙori, sifirin da lokaci. Damagaram kuwa ba baƙuwar wannan sha'awa ba ce. A ƙarni na 19 Sarki Tanimun ya tara bindigogi ta hanyar fataucin Tarabulus, ya kuma sa aka riƙa zuba igwa da haɗa albarushi a nan Zinder. Amma wancan aikin sarauta ne a zamaninsa. Yau riƙe bindiga a Nijar sai da izinin hukuma, ƙera ta a ɓoye laifi ne, kuma tun 1994 akwai hukumar CNCCAI mai tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Saboda haka duk abin da za a kwatanta a nan samfuri ne da ba ya harbi: ba bututu, ba albarushi, ba kwanso.

Ko da babu doka, lissafi kaɗai ya isa ya hana mai hankali taɓa ƙarfe. Tayar mota tana ɗaukar iska wajen bar 2 zuwa 2 da rabi (bar ma'aunin matsi ne). Harsashin babbar bindiga yana tayar da matsi na kusan bar 4000 a ɗakin da yake tashi. Bututun famfo da waldar bakin titi ba a yi su don haka ba, kuma idan suka fashe, fuska da yatsun mai riƙe suke fara samu.

Hanyoyin koyon da suka saura guda huɗu ne, kuma ba su kai juna ba.

Manhajar waya

Mafi sauƙin shiga ita ce manhajar da ke kwance bindiga a kan allon waya. World of Guns na kamfanin Noble Empire ita aka fi sani. Tana kan Android da iPhone da kwamfuta, ana fara ta kyauta da ƴan samfurori, sauran kuma ana buɗe su da maki ko da kuɗi. Amfaninta biyu ne na gaske: tana mayar da jikin bindiga garai-garai kamar hoton asibiti, kuma tana rage saurin motsi har ka ga wane ne ya fara taɓa wane. A mako guda za ka san sunayen sassa da wuraren zamansu, abin da zane a takarda zai ɗauke ka wata.

Inda take yaudara shi ne komai nata yana tafiya daidai kullum. Ba gogayya, ba lalacewa, ba ramin da ya yi faɗi. Motsin da kake gani an tsara shi ne tun farko kamar majigi, ba sassan ne ke ture juna ba. Shi ya sa za ka ga wanda ya ƙware yana kwance samfuri hamsin da ka, amma ka tambaye shi me zai faru in an rage tsawon ɗan hannun nan da milimita 2, sai ya yi shiru. Ya haddace hanya, bai san dalilin hanyar ba.

In za ka yi amfani da ita, ka zaɓi samfuri ɗaya tak, ka rage saurin zuwa ƙarshe, ka ajiye littafi a gefe. Malaman wannan fanni sun kasa aikin kowace bindiga mai kwanso gida takwas: ɗauko harsashi, shigar da shi ɗaki, kullewa, bugawa, buɗewa, zaro kwanso, jefar da shi, da sake ɗana guduma. Ka ja layi takwas, a gaban kowanne ka rubuta wane sashe ne ya yi aikin, me ya tura shi, me ya mayar da shi. Layin da ka kasa cikewa shi ne abin da ba ka gane ba tukuna. Sannan ka sauke samfurin da kake so lokacin da intanet ke da ƙarfi, don kowanne yana cin data.

Tsofaffin takardun mallakar ƙira

Wannan ba hanya ce mai tsayawa da ƙafarta ba, abokiyar tafiya ce. A Google Patents ana samun takardun da masu ƙirƙira suka shigar da kansu, kyauta, ciki har da ta Samuel Colt ta 1836 kan libarba. Daɗinsu shi ne mai ƙirar yana faɗin matsalar da yake son warwarewa, kowane sashe da lambarsa ko harafinsa. Wahalarsu biyu: Ingilishin lauyoyi ne na da, kuma zanen ba ya bisa ma'auni. Wanda ya ɗora rula a kan zanen ya kwafe tsawo zai sami sassan da ba sa haɗuwa. Ka ɗauki dabarar, ka fitar da ma'auninka da kanka.

Zane a kwamfuta

Nan mutane suka fi ɓata lokaci wajen zaɓen manhajar zane, alhali a Zinder wuta da intanet sun riga sun yi maka rabin zaɓen. Onshape yana aiki ne a cikin burauza, yana buƙatar intanet kowane minti, kuma a tsarinsa na kyauta duk abin da ka zana kowa na iya gani. Fusion na Autodesk yana da lasisin kyauta na amfanin kai, amma yana son kwamfuta mai ƙarfi, yana neman intanet lokaci-lokaci, kuma ya ƙayyade fayil 10 da za ka iya gyarawa a lokaci guda. FreeCAD kyauta ne ɗungurungum, ba ya neman intanet bayan an saka shi, ana iya juya shi zuwa Faransanci, kuma tun fitowar siga ta 1.0 a Nuwamban 2024 yana zuwa da sashen haɗa sassa a cikinsa. Ga mai tsohuwar kwamfutar cinya, shi ne zaɓi. Ba shi da kyan fuska, kuma makon farko da shi akwai ciwon kai, amma ba zai tsaya maka don data ta ƙare ba.

Tsarin aikin a FreeCAD ba shi da yawa, sassa uku na manhajar za ka bi. A Sketcher za ka zana siffar sashe a kwance, ka ɗaure kowane layi da ma'auni har zanen ya koma kore, alamar babu abin da ya rage yana yawo. A Part Design ka ba shi kauri. A Assembly ka haɗa sassan da mahaɗa mai juyawa ko mai zamewa. Kuskuren kusan kowane sabon shiga shi ne barin zane bai koma kore ba. Daga baya ya canja tsawo ɗaya, sai siffar duka ta murɗe, ya rasa inda zai kama. Na biyu shi ne fara zanen daga gefen sashe. Ka fara daga ramin da yake juyawa a kai, ka ɗora shi a tsakiyar fili, don duk lissafin motsi daga nan yake tashi.

Kwamfuta ta fi kowace hanya a abu ɗaya: motsin da ba ya kwanciya a kan allon katako. Bindiga mai sakata, irin Mauser ta 1898, ana ɗaga hannunta digiri 90, kuma wannan juyi ɗaya yana zare kunnuwan kulli biyu na gaba daga gurbinsu, yana kuma tura allurar da ke bugun harsashi baya ta kan wata gangara mai murɗe. Lee-Enfield ta Ingila tana juyawa digiri 60 ne, kunnuwanta suna baya, kuma tana ɗana allura ne lokacin rufewa. Irin wannan bambanci sai a zane mai kauri ake ganinsa sosai. Kada ma ka gwada shi da bututun roba da sanda, don abin da zai fito zai yi kama da na gaske fiye da yadda kake so.

Sai dai ita ma tana da ƙaryarta. Mahaɗar FreeCAD ba ta san karo ba: sashe zai ratsa ta cikin ɗan'uwansa kamar iska, ba wanda zai yi maka ƙorafi. Wanda ke son ganin sassa suna ture juna da nauyi da gogayya da sifirin, ya gwada Algodoo, manhajar kyauta ta Windows da Mac mai kwaikwayon motsi a kwance. Kamar ta yara take, amma tana nuna cijewa, abin da mahaɗar FreeCAD ba ta nunawa.

Injin buga kaya da roba kuwa, wanda ake cewa 3D, a bar shi gefe tukuna. Robar PLA da aka fi amfani da ita tana fara laushi wajen digiri 60 na zafi, kuma mota a rufe cikin ranar Afrilu a nan tana iya kai wa can. Ban da haka, fayilolin da ke yawo a intanet da sunan samfuri ba duka ne na wasa ba, kuma sauke wasunsu jawo wa kai magana ne.

Kwali da katako

Wannan ita ce hanyar da muke fifitawa, kuma ba sabuwa ba ce: fim ɗin koyarwa da sojan Amurka suka fitar a 1945 da manyan samfurori ya bayyana waɗannan motsi, ana ƙara sashe ɗaya bayan ɗaya. Dabarar ita ce a shimfiɗa na'urar a kwance a kan allo, a faɗaɗa ta ninki uku ko huɗu, a juya ta da hannu. Abin da zai fito ya fi kama da cikin agogon bango.

Kayan aikin duk ana samunsu a Kasuwar Dole ko wurin kafintocin Zango: allo mai santimita 40 da 30, siririn falanki mai ninki, mai kaurin milimita 5, ƙusoshi masu noti na milimita 5 kamar guda shida da wasoshinsu (zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti), robar ɗaure kuɗi, ƙaramin zarto mai siririn baki, magagari, takardar goge katako, kyandir, kwamfas da ma'aunin kwana irin na ƴan lakkol. Ragowar falankin da kafinta zai zubar ta isa.

Ga misalin juya ganga. Yanka faifai mai faɗin santimita 12, shi ne gangar. Don raba shi shida ba ka buƙatar ma'aunin kwana: buɗin kwamfas ɗin da ka zana da'irar da shi, in ka taka shi a kan gefenta, sau shida cif zai zagaye, kowane taki digiri 60. A kowane alama ka yanke gurbi mai faɗin milimita 6 da zurfin 5 don birki. Sai ƙaramin faifai mai haƙora shida masu karkata, tazarar bakin haƙori daga tsakiya santimita 3, ka manna shi a kan babban, tsakiya a kan tsakiya.

Yanzu lissafin da ke sa mutum ya gane abin. Tunda tazarar haƙori daga tsakiya santimita 3 ce, nisan da ke tsakanin haƙori da haƙori a miƙe shi ma santimita 3 ne, don haka dole ɗan hannu ya yi tafiyar santimita 3. In ka ɗaura shi a jikin guduma a nisan santimita 4 daga ƙusar da take juyawa a kai, guduma za ta buƙaci juyin kusan digiri 44 kafin ta ba shi wannan tafiya. Ka ƙara kamar digiri 8 a farko, inda guduma ke motsi amma ɗan hannu bai taɓa haƙori ba tukuna. Wannan ɗan sararin ba kuskure ba ne, shi ne lokacin da birki ke samu ya fita daga gurbi. Ka cire shi, sai ɗan hannu ya tura gangar da ke kulle, ka ji allon ya ƙame a hannunka.

Ka gwada da kwali tukuna. Kwalin taliya ko na sabulu, ninki biyu a manne, da ƙusar takarda a madadin noti. Rabin awa ya isa ka ga ko tsawon ɗan hannu ya yi. Sai ka kwafe siffar zuwa falanki. Mai kwamfuta yana iya fitar da zanen ta sashen TechDraw na FreeCAD ya buga a takardar A4 ya liƙa a kan katako, amma ya ja layin gwaji na santimita 10 a gefe, ya auna bayan bugawa. Masu shagon buga takarda sukan bar injin ya rage zane don ya shiga shafi, kuma ragin kashi 3 cikin ɗari ya isa ya ɓata komai.

Ga abin da zai lalace, don zai lalace. In ɗan hannu ya gaza da milimita 2, ganga za ta tsaya kusan digiri 4 kafin wurinta, birki ya zauna a leɓen gurbi bai faɗa ba. Ka tura faifan da yatsa kaɗan, za ka ji ƙas. Masu gyaran libarba suna da wannan ciwo a cikin jerin abin da suke dubawa, kai kuma ka gan shi a allon da ba ya cutar da kowa. In ya yi tsawo, birki zai faɗa gurbi alhali guduma ba ta kai ƙarshe ba, sai komai ya tsaya cak. Saboda haka ka yanke shi da rarar milimita 2 ko 3, ka riƙa ragewa da magagari, shafa biyar, gwaji ɗaya. Ragewa ana iyawa, ƙari ne ba a iyawa.

In ka ja guduma da sauri ganga ta tsallake gurbi, birki ne aka saki a makare, ko robarsa ta yi sanyi. In ganga tana komawa baya lokacin da guduma ke dawowa, ɗan hannu ne ke jan haƙori da bayansa: ka goge bayan haƙoran su yi sulɓi, ka sassauta robar da ke danna shi. Ramin ƙusa kuwa ya zama milimita 5 da rabi ga ƙusa mai 5. Ƙasa da haka zai cije, sama da milimita 6 kuma sashe zai riƙa rawa, lokacin ya riƙa canjawa daga ja zuwa ja. Ka sa zoben ƙarfen nan tsakanin sashe da allo, ka ɗaure da noti biyu a baya suna matse juna, don noti ɗaya yana kwancewa da kansa.

Yanayin garin ma yana da nasa hannu. Samfurin da aka daidaita a hunturu, katako a bushe ƙarau, yakan cije a watan Agusta in ya sha laima. Wanda aka yi da damina kuma ya yi sako-sako a Janairu. Falanki mai ninki ya fi katako guda jure wannan, shi ya sa aka zaɓe shi. Kada ka sa mai ko giris, suna kumbura katako suna kuma kama ƙura. Goga kyandir a bakin haƙora ya wadatar. Robar ɗaure kuɗi ba ta daɗewa a zafin bazara, don haka ka rataya ta a kan ƴan ƙusoshi yadda za a canja ba tare da kwance komai ba.

Wanne za a fara ginawa? Ganga ta fi koyarwa, amma kunamar bindigar ƙanƙara ta fi sauƙi, irin wadda aka daidaita a Faransa a farkon ƙarni na 17, kakar bindigar toka ta maharbanmu. Sassa uku ne masu motsi: faifan da guduma ke kai mai tsaga biyu, mariƙin da ke shiga tsagar, da kunamar da ke ɗaga mariƙin. Tsagar farko mai zurfi ce, an yi ta yadda ko an ja kunama mariƙi ba zai fita ba, ita ce wurin hutawa. Ta biyu ce ta aiki. Yini ɗaya ya isa a gama ta, kuma wanda ya gama ta ya fahimci sakatar ƙofa mai sifirin da tarkon ɓera a lokaci guda.

To wa ya kamata ya ɗauki wanne?

Mai waya kaɗai: manhaja na mako biyu da littafin layi takwas, daga nan kwali. Ba ya buƙatar jiran kwamfuta, kuma ba a bar shi a baya ba. Ɗalibin fasaha, a ce na Jami'ar André Salifou, mai son abin da zai nuna wa malami ko mai ɗaukar aiki: ya gina allon tukuna, sannan ya zana shi a FreeCAD, don zanen abin da ka riga ka riƙe a hannu ya fi saurin shiga kai ninkin-ba-ninkin. Mai shirya wasan kwamfuta ko majigi, wanda kamanni ya dama ba ma'auni ba, manhajar waya da Blender, manhajar zana siffofi da motsa su, sun ishe shi. Kafinta ko mai gyaran keken ɗinki kuwa ya tsallake allon waya ya tafi kai tsaye ga falanki, hannunsa ya riga ya san rabin karatun. Wanda bai kamata a yi koyi da shi ba shi ne mai farawa da kwamfuta don tana da kwarjini: yakan shafe wata uku yana koyon maɓallai, bai taɓa jin yadda haƙori ke cijewa ba.

Abu na ƙarshe ya shafi kamannin samfurin. Ka bar shi a kafe a kan allonsa mai kusurwa huɗu, kada ka yanka masa siffar gindi ko baki. Ka shafa wa kowane sashe launi dabam mai haske, guduma ja, ɗan hannu rawaya, birki shuɗi, ka rubuta sunan kowanne a gefensa. Launin yana taimaka wa mai kallo ya bi motsin, kuma in jandarma ya buɗe jakarka a shingen hanyar Mirriya ko ta Magariya, allon koyarwa zai gani. A baya ka liƙa takarda mai kwanan watan da ka daidaita shi da tsawon ɗan hannu a ranar, don in damina ta zo ya cije, ka san ko katako ne ya kumbura ko ƙusa ce ta goce.